Uban Amarya Mai Korar Hadari

Mijin yayata, Tukiran, ya halarci bukukuwan aure fiye da duk wani mai rai a ƙauyukan gindin dutsenmu, amma in ka tsare shi ka ce ya ba ka labarin yadda aka ɗaura ko guda ɗaya, wallahi ba zai iya ba. Ba mantuwa ba ce, bai taɓa gani ba ne. Sana'arsa korar hadari, kuma mai korar hadari baya yake juya wa taro.

Tun ina yarinya haka na san shi. Masu biki za su zo barandarsa da sukari da ganyen shayi, su faɗi rana. Daga nan shi da wanka sun yi sallama sai an watse. Ranar bikin da sassafe zai nemi gefen da iska ke tasowa, ya kafa tsintsiyar kwakwa kanta sama, ya soke jan barkono da ƙananan albasa a bakin tsinkayen, ya kunna turaren wuta, ya naɗe ƙafa. Ba ci, ba sha, ba waiwaye. A bayansa ana kiɗa ana rabon shinkafa, shi idonsa na sama. Cewa yake ba ya hana ruwa, wa ya isa? Roƙo yake a ɗan matsa da shi gaba ya sauka a kan wasu. Limamin unguwarmu ya yi masa wa'azi har ya gaji, amma da aka tashi aurar da ƙanwar liman ɗin a tsakiyar damina, sai ga matar liman ta zagayo ta ƙofar baya da ƙunshin sukarinta. Ni dai ban ce abin yana ci ba, ban ce ba ya ci ba. Na ga ranar da aka tashi lafiya ƙalau, na kuma ga ranar da muka kwashi tukwane a guje, shi kuma ya ce wata a cikinmu ce ta yi wanki ta ɓata masa aiki.

Wajen kakansa ya gada. Sauran kwanakin da ba biki yana gonarsa ta kabeji da taba, mutum marar hayaniya, mai son kurciyarsa ta keji fiye da hira da mutane. Yayata Sumirah ce bakinsa. Ita ke dariyar, ita ke faɗan, ita ke gaishe da baƙi. Takan ce, "Kowa ya auri miji, ni ƙeya na aura." In ta faɗa sai ya yi murmushi ya sosa ƙeyar. Ni da ita muke da rumfar abinci a ƙofar gandun dajin gwamnati da ke saman ƙauyenmu, muna sayar wa masu hawa dutse kwaɗon ganye da miyar gyaɗa, da soyayyar ayaba, da kofi. A ƙarƙashin teburin rumfar nan 'yarsu ɗaya tilo, Retno, ta yi rarrafe.

Sumirah ta rasu a daminar bara waccan. Ranar jana'iza gari ya yi baƙi ƙirin tun hantsi. Ba wanda ya roƙi Tukiran, na rantse ba wanda ya roƙe shi. Muna isa maƙabarta sai na ga ya zare tsintsiya daga hammatarsa, ya wuce can bakin shinge, ya zauna ya ba mu baya. Maƙwabta ne suka saka Sumirah a kabari. Retno na tsaye kusa da ni tana kallon ƙeyar ubanta, ba ta yi kuka ba. Ruwan bai sauko ba sai da muka kai gida.

Daga ranar Tukiran ya zama sai a hankali. Ba wai ya kwanta ba ne. Yana zuwa gona, yana karɓar aikin biki, in an ajiye masa abinci ya ci, in an manta ba zai tambaya ba. Yana zuba wa kurciyar hatsi amma ya daina yi mata fito. In na zage shi, don nakan zage shi, sai ya ce, "To, Parmi." In na yi masa alheri ma, "To, Parmi." Mutum kamar gidan da aka kwashe kaya aka bar ƙofa a buɗe.

A haka Retno ta zo mini rumfa wata safiya daga birni, inda take aiki a kantin magani. Na san da maganar Galih, yaron da ke gyaran manyan injina, na kuma san ya sami aiki a tsibirin Kalimantan, da an ɗaura za su tsallaka teku. Ta ja kujera, ta ɗauki ayaba ba tare da ta tambaya ba, halin uwarta sak.

Ta ce, "Inna, a cikin gandun nan nake so a ɗaura."

Na ce, "Wane gandu? Wannan na birai?"

"Shi. Akwai fili can bayan dogayen itatuwan, inda Mama ke kai ni cin abinci in kasuwa ta yi sanyi."

"Ke, kanki ɗaya kuwa? Ina za a kafa rumfa? Ina masu kiɗa za su zauna? Mutanen ƙauye fa, a kan bishiya za su hau?"

"Ba rumfa, ba kiɗa. Mu da iyayen Galih da shaidu, sai ƙawata ɗaya. Shi ke nan."

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce mata uwarta ta ƙare rayuwarta tana yankan albasa a bukukuwan mutane, babu gidan da ba ta yi wa wuni a bakin murhu ba, yanzu a ce 'yarta ta yi aure a daji kamar wadda ta yi abin kunya? Da wane ido zan kalli matan unguwa? Ta bar ni na zazzage tas, sannan ta ce za a dafa a raba gida-gida a cikin kwanduna, ba wanda zai ce bai ci ba. Sai ta goge hannunta ta matso.

"Inna, a watan Agusta nake so. Tsakiyar rani." A ƙasarmu Agusta rani ne, ba damina ba.

"To?"

"Kuma masu gadin daji ba sa yarda a kunna wuta a ciki da rani. Ko ashana. Na tambaya."

Na dube ta, ta dube ni. Sai a lokacin na gane inda ta dosa.

Ta ce, "Ba hadari, ba turare, ba taron da zai ce yana karewa. Ba shi da aikin yi ranar. Dole ya zauna. So nake Baba ya riƙe hannun Galih ya aurar da ni da bakinsa, ba wakili ba. Shi ke nan abin da nake so, ban nemi komai ba bayan wannan."

A wajenmu iyaye maza da yawa sukan wakilta malamin da ofishin aure ke turowa, saboda tsoron kada harshe ya sarƙe a gaban jama'a, kuma ba wanda ke ganin laifinsu. Amma na fahimce ta. Na ce, "Ja'irar yarinya, ashe kin daɗe kina ƙulla abinki." Ba ta yi dariya ba. Ta ce in ƙara mata kofi.

Shirye-shiryen ba su da yawa, amma kowanne da ƙa'idarsa. Wani mai gadin daji da ke cin bashin kofina kullum ya raka mu muka ga filin. Ciyawa ta bushe ta kwanta, itatuwa sun yi masa zobe, dutsen kuma ga shi nan tsaye a gabanka kamar ka miƙa hannu. Ya fara jero mana: kada a buga ƙusa a jikin itace, kada a tsinki fure, kada a kawo lasifika, duk abin da aka shigo da shi a fita da shi, har ɓawon ayaba. Na ce, "Numfashi fa, ranka ya daɗe, an yarda mu yi?" Ya ce a yi, amma a hankali. Ya kuma ce mu rufe abinci da kyau, don biran wurin sun fi ɓarayin tasha iya aiki.

Muka yanke cewa a rumfata zan dafa komai, a ɗauka a babura zuwa ƙarshen hanya, sauran a kai. Tabarmi daga masallaci. Ɗan tebur gajere na malam. Ganyen kwakwa saƙaƙƙe da ake kafawa a ƙofar biki kuwa, tunda ba a yarda a haƙa rami ba, sai a jingina shi da dutse. Retno ta ce furen yasmin kaɗan ya isa, na gashinta kawai. Kayan da uwarta ta yi aure da su ta ce a rage mata. Ni na rage, ina ɗinki ina tsaki don idona ya ƙi ba ni haɗin kai.

Da muka je gaya wa Tukiran, yana baranda yana yankan ganyen taba. Retno ta durƙusa ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara har ƙarshe wuƙar na hannunsa.

Ya ce, "Ta ina iska ke shigowa filin?"

Ta ce, "Ba ruwanka da iska, Baba. Rani ne. Kai ne waliyyi."

Ya ce, "To."

"Da bakinka za ka faɗa."

"To."

Na ce, "Yaya, kada ka yi mana 'to' ɗin nan taka ta kullum. Ka ji abin da yarinyar nan ta ce ko kuwa?"

Ya ce ya ji, Parmi. Ya ci gaba da yankan tabarsa.

Duk ƙarshen mako in ta zo sai ta zaunar da shi su yi bita. Ni nake zama ango, in miƙa masa hannu, shi kuma ya riƙe ya ce, "Galih ɗan Sutopo, na aurar maka da 'yata Retno a kan sadakin sallaya da zobe." Kalmomin ba su taɓa ba shi wuya ba, tun karon farko ya haddace. Sai dai yadda yake faɗar su, kamar mai karanta lambar mota. Hannunsa a cikin nawa ba sanyi ba zafi. Nakan ce, "Haba Yaya, 'ya kake aurarwa ko buhun kabeji kake sallamawa?" Retno ta ce in ƙyale shi, in dai zai faɗa, ko da wace murya ce ta yarda.

Ana jibi biki na shiga ɗakinsa na ɗauke tsintsiyar da kaskon turaren na kai gidana na tura ƙarƙashin gado. Bai tambaya ba. Ranar bikin kuma da asuba na je na tsaya a ƙofar banɗakinsa, na ce ba inda zan motsa sai na ji saukar ruwa. Na ji ya kwara, na ce ya ƙara. Ya fito gashinsa na ɗiga, na ajiye masa shinkafa da ƙwai da shayi na tsaya a kansa har ya cinye. Mutumin da ya yi wanka ya ci ya sha, ai ko a ƙa'idarsa ta kansa ba shi da sauran aiki da sama. Na raɗa wa Retno na ce, "Mun gama da shi." Ta gyaɗa kai kawai.

Gari ya waye tangaran. Muka hau da kayanmu, aka shimfiɗa tabarmi, aka ajiye tebur. Iyayen Galih mutanen kirki ne, uwar tana ta cewa wuri ya yi kyau, uban yana ta kaɗe tururuwa daga zaninsa, irin wanda maza ke ɗaurawa a wajenmu. Birai suka jeru a kan reshe suna kallon kwanukana, na ɗauki ludayi na nuna musu. Retno ta zauna gefen Galih, an yafa musu mayafi ɗaya a ka. Tukiran na fuskantar su, da baƙar hularsa da rigar da na goge masa, malam a gefensa. Ban taɓa ganin sa a tsakiyar taro ba sai ranar, har ya yi mini kama da baƙo.

A kafaɗar dutsen akwai wani ɗan girgije. Kowa a ƙauyenmu ya san shi. Kullum da hantsi yakan taru a wurin, kafin azahar ya watse, ko a damina ba shi ne ke kawo ruwa ba balle da rani. Ni ko kallo bai ishe ni ba.

Malam ya yi huɗuba, ya yi nasiha, ya ce waliyyi ya karɓi hannun ango. Tukiran ya miƙa hannu, Galih ya kama. Wuri ya yi tsit, sai kukan tsuntsaye.

"Galih ɗan Sutopo," in ji shi, "na aurar maka da..."

Sai wata 'yar iska ta taso ta kaɗa gefen mayafin. Iska ce ta banza, wadda ko kyandir ba za ta kashe ba. Na ga idonsa ya bar fuskar yaron ya haura sama, ya wuce kan itatuwa, ya tsaya a kafaɗar dutsen. Na ce a raina, a'a, Yaya, don Allah a'a. Malam ya ɗan yi gyaran murya ya maimaita masa farkon, a zatonsa mantuwa ce.

Tukiran ya zare hannunsa a hankali. Ya ce, "Malam, na wakilta ka. Ka aurar da ita."

Ya tashi ya sa takalmansa, ya taka har bakin filin ta gefen dutsen, ya zauna a kan busasshiyar ciyawa ya naɗe ƙafa. Ba tsintsiya, ba turare, ba komai a gabansa. Ƙeyarsa kawai muke gani.

Hannun Galih na nan a miƙe a kan tebur, yaron ya rasa yadda zai yi da shi. Uwarsa ta dube ni, na dubi ƙasa. Malam ya juya wajen Retno ya ce a hankali, "'Yata, mu jira shi?" Ta ɗan jima tana kallon can. Fuskarta ba ta canja ba ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Ta ce, "A ɗaura, Malam. Ya ba ka izini."

Aka ɗaura. Bai ɗauki lokacin da ruwan shayi ke tafasa ba. Galih ya amsa da ƙarfi, shaidu suka ce ya ɗauru, aka shafa fatiha. Ni ban shafa da kowa ba, na riga na miƙe. Na isa inda yake, ludayin na hannuna ban ma sani ba, na tsuguna a gefensa ina magana ta cikin haƙora don kada surukai su ji.

"Yaya, ka tashi. Ka tashi, na ce! Wannan girgijen tun kafin a haife ka yake nan, bai taɓa jiƙa ko akuya ba. Ka yi wanka, ka ci ƙwai a gabana, wane aiki kake yi? Wa ya sa ka? Yarinyar nan abu ɗaya ta roƙe ka a duniya. Abu ɗaya!"

Leɓɓansa na motsi, idonsa na sama. Ban san ko ya ji ni ba. Na so in rafka masa ludayin a ka, wallahi na so. Amma da na leƙa fuskarsa sai na ga ba taurin kai a cikinta, ba kunya, ba tsoro, ba komai. Ban san yadda ake faɗa da babu ba. Na tashi na koma.

Aka zo wajen neman albarkar iyaye. Amarya da ango suka ja gwiwa zuwa gaban iyayen Galih, suka kifa goshi a gwiwoyinsu, aka yi ta koke-koke. Sannan suka zo gabana a madadin Sumirah. Na dafa kan Retno, ƙamshin yasmin ya cika mini hanci, sai na ce ta riƙa cin abinci a kan lokaci. Ta ce to. Daga nan Galih ya dubi bakin filin, ya dube ta. Ta girgiza kai, ta ce a zuba wa baƙi abinci kada ya huce.

Aka ci. Kowa ya yi ƙoƙari, ba laifi. Uban Galih ya yaba miyar gyaɗata har sau ba adadi, ƙawar Retno ta yi ta ɗaukar hoto tana karkata waya don kada bakin filin ya fito. Biri ɗaya ya sami sa'a ya fizgi soyayyar kaza daga farantin malam, aka yi dariya fiye da yadda abin ya cancanta. Retno ta ci kaɗan. Da aka ce ta yi murmushi ta yi.

Wajen azahar girgijen ya watse kamar yadda ya saba. Mun fara naɗe tabarmi, ina bin ciyawa ina tsince ƙwayar shinkafa saboda mai gadin daji, sai ga Tukiran ya taso yana ɗingisawa, ƙafa ta yi masa tsami. Ciyawa ta manne a bayan zaninsa. Ya zo ya tsaya gaban 'yarsa.

Ya ce, "An gama?"

Ta ce, "An gama, Baba."

Ya miƙa hannu ya taɓa hannun rigarta, ya murza yadin tsakanin yatsunsa. Ya taɓa kafaɗarta, ya taɓa gefen mayafin.

"Ruwa bai taɓa ki ba ko?"

"Bai taɓa ni ba."

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo, Baba. Sannu da aiki."

Ta juya wajen kwanukan, ta yagi ganyen ayaba, ta zuba shinkafa da kaza da ganye, ta naɗe ta soke da tsinke, irin ƙunshin da masu biki ke sallamar sa da shi in an watse. Ta miƙa masa. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ɗan rusuna, ya ce ya gode, Allah ya ba da zaman lafiya.